Digiri, Minti da Sakan: Lissafin Iyakar Gona

Ɗan'uwa mai karatu, ka taɓa ganin takarda mai ɗauke da irin wannan rubutu?

14°36'18" N

Da yawanmu mun gan shi. Akan same shi a wasu takardun gona, da na rijiya, da na burtali. Mukan dube shi, mu naɗe takarda, mu saka cikin akwati. Sai mu ce wannan lissafin ma'aikata ne. A'a, namu ne. Gonar tamu ce, rijiyar tamu ce, dabbobin da ke bin burtali namu ne. Duk wanda ya iya duba agogo, ya kuma iya mai da jaka dala, to zai iya wanga lissafi. Mu bi shi sannu sannu.

Me ya kawo lambobin nan cikin takardunmu?

A ƙasar Dakoro noma da kiwo tare suke tafiya. Kudu gonaki, arewa makiyaya. Tun ranar 26 ga watan Mayu 1961 gwamnati ta kafa doka mai lamba 61-05, wadda ta shata iyakar noma ta arewa. A wajenmu fadamar Tarka ce aka sani da wannan iyaka. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta sake tabbatar da ita.

Da damina garke yakan hau arewa. Da kaka yakan sauko kudu. Hanyar da yake bi tsakanin gonaki ita ce burtali. In manomi ya ci burtali, dabba ta rasa hanya, sai ta faɗa gona. In dabba ta yi ɓarna, sai rigima. Dattawa ba su manta da abin da ya faru a Toda ba, cikin jihar Maradi, a shekarar 1991, inda aka rasa rayuka fiye da ɗari. Allah ya kiyaye na gaba.

A ranar 2 ga Maris 1993 aka kafa dokar tsarin karkara. Daga cikinta ne kwamitocin kula da filaye suka fito, waɗanda muka fi sani da Kofo. Akwai na ƙauye, akwai na kwamin, akwai na gunduma. Su ke ba da takardar shaidar gado, da ta saye, da ta kyauta, da ta jingina, da ta aro. Da su ake shata burtali da makiyaya, a kafa turakun siminti.

Da can, gamba da aguwa da itatuwa su ne alamar iyaka. Har yanzu suna da amfani. Amma gamba takan mutu, icce yakan faɗi, turke ma akan tumɓuke shi da dare. Shi ya sa ma'aikata ke zuwa da wata ƴar na'ura mai suna GPS. Tana karɓar saƙo daga taurarin ɗan'adam, ta ba da lambar wurin da kake tsaye. Yanzu salula da yawa suna da ita a ciki. Lambar nan ba ta mutuwa, ba a kuma tumɓuke ta. Sai dai fa in an karanta ta ba daidai ba.

Mene ne digiri?

Tsaya tsakar gida, ka dubi arewa. Juya ta hannun dama har ka dubi gabas. Ci gaba har kudu, har yamma, har ka dawo arewa. Ka yi kewaye ɗaya ke nan. Masana sun raba wannan kewaye gida 360. Kowane gida ɗaya sunansa digiri.

Daga arewa zuwa gabas digiri 90 ne. Zuwa kudu 180. Zuwa yamma 270. Ka dawo arewa, 360 sun cika. Kusurwar ɗaki da magini ya daidaita digiri 90 ce. Alƙibla kuwa, daga Dakoro, tana wajen digiri 73 in an faro daga arewa ana juyawa dama. Wato gabas ce, amma da ɗan karkata arewa.

Duniya ma a kewaye take kamar ƙwallo. Kewayenta ya kai kilomita 40 000. In ka raba 40 000 gida 360, za ka samu 111. Ashe digiri ɗaya a bayan ƙasa tafiyar kilomita 111 ce, daga kudu zuwa arewa. Kusan daga Maradi zuwa Dakoro ke nan.

Ka ga digiri ya yi girma ga aikin gona. Dole a ƙara yanka shi. Sai aka raba digiri ɗaya gida 60, aka kira kowane gida minti. Aka sake raba minti ɗaya gida 60, aka kira kowane gida sakan.

Digiri 1 = minti 60
Minti 1 = sakan 60
Digiri 1 = sakan 3600, domin 60 sau 60 shi ne 3600

Ga alamominsu a rubuce:

° ƙaramin zobe a sama: digiri
' sanda ɗaya: minti
" sanda biyu: sakan

Saboda haka 14°36'18" ana karanta shi: digiri 14, minti 36, sakan 18.

A ƙasa kuwa, ga tsawonsu daga kudu zuwa arewa:

Digiri 1: kusan kilomita 111
Minti 1: kusan mita 1850
Sakan 1: kusan mita 31

Daga yamma zuwa gabas sukan ɗan rage. A yankinmu sakan ɗaya wajen mita 30 ne. Gona mai mita 100 tsawo, mita 100 faɗi, sakan uku da ɗan ɗori ce kowane gefe.

Don me 60, ba 100 ba?

Wannan gado ne daga mutanen Babila, a ƙasar da ake kira Iraƙi yau. Tun shekaru dubbai da suka wuce suna ƙidaya da sittin sittin. Sittin tana da daɗin rabo. Tana rabuwa gida 2, gida 3, gida 4, gida 5, gida 6, gida 10, gida 12, ba saura. Daga wurinsu agogo ya gaji minti 60 da sakan 60. Malaman Musulunci ma sun yi aiki da wannan lissafi ƙwarai, don sanin alƙibla da lokutan salla. Wajen shekarar 830 Halifa Mamun na Bagadaza ya aiki masana cikin daji, suka auna tsawon digiri ɗaya a ƙasa.

Kowane wuri lamba biyu gare shi

In ka ce wa baƙo gidanka yana layi na uku, bai isa ba. Sai ka ƙara da cewa gida na biyar. Haka lambar wuri take, biyu ce.

Ta farko lambar arewa. Ana faro ƙidayarta daga wani layi da ya raba duniya biyu, kudu da arewa, kamar ɗamara a ƙugu. Sunansa Ikwaita. Nan ne sifiri. Mu muna arewa da shi, shi ya sa ake sa harafin N bayan lambarmu.

Ta biyu lambar gabas. Ana faro ta daga wani layi da ya ratsa Girinwic, a birnin Landan na Ingila. Ƙasashe sun amince da shi a wani taro a shekarar 1884. Nijar tana gabas da shi, shi ya sa ake sa harafin E.

Ga lambar wani wuri a cikin garin Dakoro:

14°30'38" N
6°45'54" E

Ga na wasu garuruwa, ba tare da sakan ba:

Maradi: 13°30' N, 7°06' E
Yamai: 13°31' N, 2°07' E
Damagaram: 13°48' N, 8°59' E
Agadas: 16°58' N, 7°59' E

Duba da kyau. In lambar arewa ta ƙaru, arewa ake tafiya. In lambar gabas ta ƙaru, gabas ake tafiya. Agadas ta fi kowa arewa. Yamai ta fi kowa yamma.

Da irin waɗannan lambobi Turawa suka yanka ƙasar Hausa. A yarjejeniyar 1898 tsakanin Faransa da Ingila, layin digiri 14 yana cikin abin da suka ɗauka iyaka. Daga baya suka sake shata ta a 1904 da 1906. Ka ga lamba a takarda ba abin wasa ba ce.

Rubutu na biyu: lamba mai waƙafi

Nan ne mutane suke ruɗewa. Akwai wata hanya ta rubuta wuri ɗaya, ba minti, ba sakan. Digiri ne kawai, sai waƙafi, sai wasu lambobi a bayansa. Kamar haka:

14,51056
6,76500

Wannan ma garin Dakoro ne, wuri guda da na sama. A takardunmu na Nijar waƙafi ake sawa. A salula kuwa sau da yawa ɗigo za ka gani, kamar 14.51056. Duk ɗaya ne.

Bayan waƙafi ba a ƙidaya da sittin. Da goma goma ake yi. Lamba ta farko bayan waƙafi kashi ne cikin 10. Ta biyu kashi cikin 100. Ta uku kashi cikin 1000. Saboda haka 0,5 rabi ne. 0,25 kwata ne, wato kashi ɗaya cikin huɗu.

Dubi agogo. Awa ɗaya da minti 30, awa ɗaya da rabi ce, ko ba haka ba? To, da waƙafi 1,5 ake rubuta ta. In ka rubuta 1,30 ka rage ta. Haka digiri yake. 14°30' shi ne digiri 14 da rabi, wato 14,5.

Wanda ya kwafi 14°30' ya rubuta 14,30 ya yi babban kuskure. 14,30 daidai yake da 14°18'. Ya ɓatar da minti 12. Minti 12 kuwa ya fi kilomita 22. Rijiya tana nan, a je ana neman ta wata ƙasar sarki.

Mun saba da irin wannan a kasuwa. A jikin ƙarfen an rubuta 100, mu kuwa muna cewa dala ashirin. Kuɗin bai sake ba, ƙidayar ce biyu. Ba wanda ke ganin 100 ya ce dala ɗari, sai baƙo.

Ga wasu da ya kamata a riƙe da ka:

6' = 0,1
12' = 0,2
15' = 0,25
30' = 0,5
45' = 0,75
36" = 0,01

Daga digiri, minti da sakan zuwa waƙafi

Mataki huɗu ne. Ɗauki alli, ko ka buɗe wurin lissafi na salularka. Za mu yi da 14°30'38".

Na ɗaya: ajiye digiri gefe. Kada ka taɓa shi. Shi ne 14.

Na biyu: mai da minti sakan. Ninka shi sau 60.
30 × 60 = 1800

Na uku: haɗa da sakan ɗin da ke akwai.
1800 + 38 = 1838

Na huɗu: raba da 3600.
1838 ÷ 3600 = 0,51056

Yanzu dawo da digirin da ka ajiye. 14 da 0,51056 sun zama 14,51056. Shi ke nan.

Mu sake da lambar gabas, 6°45'54".

Ajiye 6.
45 × 60 = 2700
2700 + 54 = 2754
2754 ÷ 3600 = 0,765
Amsa: 6,765

In babu sakan, aikin ya fi sauƙi. Raba minti da 60 kawai. Lambar gabas ta Maradi 7°06' ce. 6 ÷ 60 = 0,1. Amsa 7,1.

Ka lura da abu guda. Abin da ya fito daga rabon nan dole ya faro da sifiri da waƙafi. In ka ga ya kai 1 ko ya wuce, to akwai kuskure. Koma ka sake.

Daga waƙafi zuwa digiri, minti da sakan

Yanzu mu koma gida ta hanyar da muka fito. Ɗazu rabawa muka yi. Yanzu ninkawa za mu yi, sau biyu. Za mu yi da 14,51056.

Na ɗaya: abin da ke gaban waƙafi shi ne digiri. Ajiye 14.

Na biyu: ɗauki saura, ka ninka sau 60.
0,51056 × 60 = 30,6336
Abin da ke gaban waƙafi shi ne minti. Ajiye 30.

Na uku: ɗauki sabon saura, ka sake ninkawa sau 60.
0,6336 × 60 = 38,016
Wannan shi ne sakan. Ɗan abin da ya biyo baya bai kai komi ba, a bar shi. Sakan 38.

Amsa: 14°30'38". Mun dawo inda muka taso.

Mu gwada 6,765.

Ajiye 6.
0,765 × 60 = 45,9. Minti 45.
0,9 × 60 = 54. Sakan 54.
Amsa: 6°45'54".

Kullum in ka juya lamba, sake juya ta baya. In ka dawo kan ta farko, aikinka ya yi kyau.

Rubutu na uku: ruwa biyu

Wasu na'urorin GPS suna nuna wani rubutu mai ruwa biyu. Akwai digiri, akwai minti, amma ba sakan. Waƙafin yana cikin minti:

14°30,633' N
6°45,900' E

Yi hattara da shi. 30,633' ba minti 30 da sakan 63 ba ne. In sakan kake so, ninka abin da ke bayan waƙafi sau 60. 0,633 × 60 ya ba da kusan 38. Haka 0,900 × 60 ya ba da 54.

In kuma digiri mai waƙafi kake so, raba mintin duka da 60. 45,9 ÷ 60 = 0,765. Ka ga mun sake samun 6,765.

Ga wata dabara ta gane kuskure. Minti ba ya wuce 59. Sakan ma ba ya wuce 59, sai ɗan ɓurɓushi. In ka ga takarda ta ce 14°72'10", to wani ya kwafa ba daidai ba. Kada ka sa hannu. Ka ce a sake dubawa.

Misali daga gona

A ce wani manomi yana da gona. Arewa da ita makiyayar gari ce. Da aka shata makiyaya, an kafa turke a bakin gonar, aka rubuta lambarsa ta arewa a takarda: 14°36'18" N. Shekaru suka wuce, turke ya ɓace.

Wata damina makiyaya suka ce gona ta shiga makiyaya. Manomi ya ce ko taki ɗaya bai ƙara ba. Aka taru wurin maigari. Aka fito da takarda. Wani yaro ya je inda dattawa suka ce nan turken yake, ya buɗe salula. Ta nuna 14,60500.

Sai hayaniya ta tashi. Wani ya ce: "Takarda ta ce 36, waya ta ce 60. Takardar jabu ce!" Wani ya ce: "A'a, wayar ce ke ƙarya!"

Kai da ka yi karatu, mi za ka ce musu? Ka ce: "Ranka ya daɗe, a ba ni alli." Sai ka yi lissafi a gaban kowa:

36 × 60 = 2160
2160 + 18 = 2178
2178 ÷ 3600 = 0,605

Ashe 14°36'18" shi ne 14,605. Takarda da waya magana ɗaya suke yi. Dattawa ma sun nuna wurin daidai.

Saura a san ko gona ta wuce. Yaro ya tafi kunyar ƙarshe ta arewa, inda hatsi ya tsaya. Salula ta nuna 14,60600. Mu ɗebe:

14,60600 − 14,60500 = 0,00100

Nawa ne wannan a ƙasa? Ga ma'auni:

0,1 kusan kilomita 11
0,01 kusan mita 1110
0,001 kusan mita 111
0,0001 kusan mita 11
0,00001 kusan mita 1

Ashe gona ta shiga makiyaya da wajen mita 111. Mai yiwuwa ba da gangan ba ne. Kunya biyu bana, kunya uku baɗi, haka gona ke tafiya. Amma yanzu kowa ya gani da idonsa, sai a nemi sulhu tun ba a kai ga sanda ba.

Wannan ma'auni ya koya mana wani abu kuma. In kana kwafar lambar gona, kwafi lambobi biyar bayan waƙafi. In ka tsaya a biyu, ka bar kusan kilomita guda a buɗe. Kada ka ce sauran tarkace ne.

Da yaron nan ya ɗauki 14°36'18" ya buga 14,3618 cikin waya fa? Da ta nuna masa wani wuri, kilomita 27 kudu da gonar.

Tarawa da ɗebewa: aron sittin

A lissafin da muka saba, in abu bai isa ba mukan ari goma. A nan sittin ake ara. Mu ga da nawa Maradi ta fi Dakoro gabas. Maradi 7°06'. Dakoro mu ce 6°46'.

Ba a ɗebe 46 daga 6. Sai mu ari digiri ɗaya daga 7, mu mai da shi minti 60. 7°06' ya koma 6°66'. Wannan a kan allo ne kawai, don lissafi.

6°66' − 6°46' = 0°20'

Minti 20 ke nan, wajen kilomita 36.

In tarawa kake yi, minti ya kai 60 ko ya wuce, cire 60 ka ƙara digiri ɗaya. 40' da 35' sun zama 75', wato 1°15'. Haka sakan yake da minti.

Mintin agogo daban, mintin ƙasa daban

Sunansu ɗaya, aikinsu daban. Ɗaya lokaci yake aunawa, ɗaya kusurwa. Amma akwai zumunta tsakaninsu. Duniya tana juya digiri 360 cikin awa 24. Wato digiri 15 a awa ɗaya, digiri ɗaya a minti 4 na agogo.

Dakoro tana 6°46' E, Yamai tana 2°07' E. Tsakaninsu 4°39'. Mu mai da shi waƙafi: 39 ÷ 60 = 0,65, ya zama 4,65. Mu ninka sau 4: 18,6. Ashe rana takan yi tsaka a Dakoro kafin Yamai da minti 18 da ɗori. Faɗuwarta ma kusan haka ne. Shi ya sa da azumi mukan sha ruwa mutanen Yamai suna jira, alhali agogonmu ɗaya da nasu.

Gargaɗi

Salula takan yi kuskuren ƴan mitoci, musamman ƙarƙashin icce mai duhu ko cikin ɗaki. Tsaya a fili, ka jira lambar ta natsu kafin ka rubuta. Kada ka tayar da faɗa don lamba ta ƙarshe ta bambanta.

Waya ba alƙali ba ce. Shaidu suna nan, maƙwabtan gona suna nan, maigari da hardo da kwamitin Kofo suna nan. Lamba taimako ce gare su. In ka ga iyaka ta motsa, kai magana wurinsu. Kada ka tumɓuke turke, kada ka sare shukar wani.

In ana auna gonarka, ka kasance a wurin. Ka ce a karanta maka lambar kowace kusurwa, ta arewa da ta gabas. Ka rubuta a littafinka. Ka duba alamun °, ' da ", ka duba inda waƙafi yake. Sannan ka gwada da abin da aka rubuta a takarda kafin ka sa hannu ko ka dangwala yatsa. Mata masu gona, wannan magana har da ku. Matambayi ba ya ɓata.

Tambayoyi

1. Minti nawa ne a digiri ɗaya? Sakan nawa ne a digiri ɗaya?
2. Mai da lambar arewa ta Maradi, 13°30', zuwa lamba mai waƙafi.
3. Mai da lambar arewa ta Agadas, 16°58', zuwa lamba mai waƙafi.
4. Mai da 13,8 zuwa digiri da minti. Wane gari ne cikin waɗanda muka ambata?
5. Lambar arewa ta Ka'aba, a Makka, ita ce 21,4225. Mai da ita digiri, minti da sakan.
6. Turke biyu suna layi ɗaya kudu da arewa. Ɗaya 14°40'10" N, ɗaya 14°40'20" N. Kusan mita nawa ne tsakaninsu?
7. Wani ya kwafi 14°15' ya rubuta 14,15. Daidai ne? In ba daidai ba ne, gyara masa.

Amsoshi

Kada ka duba sai ka gama.

1. Minti 60. Sakan 3600.
2. 13,5
3. 58 ÷ 60 = 0,9667. Amsa 16,9667.
4. 0,8 × 60 = 48. Amsa 13°48'. Damagaram ce.
5. 0,4225 × 60 = 25,35. Sai 0,35 × 60 = 21. Amsa 21°25'21".
6. Sakan 10 sau mita 31: kusan mita 310.
7. Ba daidai ba ne. 15 ÷ 60 = 0,25. Sai ya rubuta 14,25.

Aikin gida

Ku haɗu ku uku ko huɗu da wanda ke da salula mai GPS. Ku tsaya bakin rijiyar gari, ku rubuta lambarta biyu. Ku tsaya ƙofar masallaci, ku rubuta. Ku tsaya ƙofar ajinku, ku rubuta. Ku juya kowace lamba zuwa ɗaya rubutun, ku sake juya ta baya. Ranar karatu mai zuwa kowace ƙungiya ta kawo nata, a gwada a kan allo gaban malam.